Telan Aboabo

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken nan
a bakin titin Aboabo, gefen mai gawayi.
Na auna kafaɗa, na auna ƙugu, na auna hannun ango.
Ban taɓa auna fuskar mutum ba
sai shekarar da numfashi ya zama abin zargi.

Yadi goma sha biyu Adiza ta kawo,
atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsu a tashe,
ankon bikin ƙanwarta, an sa rana a Sha'aban.
Sha'aban ya iso ya tarar da Kejetia shiru,
rumfuna a ɗaure, soja a mahaɗa,
akuya na ratsa titi ba mai yi mata oda.
Ta aiko ɗanta ya tsaya daga nesa:
"Wai a yanka, Baba Isaka. Babu biki."
Na ɗora almakashi a wuyan tsuntsu,
hannuna bai so ba.

Sidi biyu takunkumi ɗaya.
Wanda ba shi da ko sisi ya ɗauka, mu haɗu a lafiya.

Daga nan tsuntsayen suka watsu cikin Kumasi.
Na ga ɗaya a bakin mai koko da ƙosai,
ɗaya a haɓar yaron mota, yana ƙirga kujerun da aka hana zama,
ɗaya a fuskar Akosuwa, nas ɗin da ke haya a bayanmu,
wadda ke tuɓe takalmi a waje, ta yi wanka
kafin ta yarda 'yarta ta taɓa ta.
Wata yarinya mai dako ta ɗaura nata a juye,
tana neman motar da za ta mai da ita Walewale,
kwanonta babu kaya, cikinta haka.

Ladan ya yi kira, ya ƙare da cewa a yi salla a gida.
Na ji inda muryarsa ta tsinke.
Na yi sahu da matata da jikana da keken ɗinki.

Mumuni kuwa ya ce ciwon masu hawa jirgi ne,
mu da ko filin jirgi ba mu sani ba, ina ruwanmu?
Na ba shi takunkumi, ya sa a aljihu tare da goro.
Mun yi shekara ashirin muna dara bayan la'asar,
yana bina ci uku.
Tari ya fara ran Talata.
Ran Lahadi mota ta zo, mutanen ciki sun rufe har idanu.

Ni na yanka likkafanin rabin tsofaffin unguwar nan.
Nasa ba a nemi almakashina ba.
Mutum huɗu a bakin kabari, ni ba na ciki.
Na yi ta'aziyya ta waya,
katin ya ƙare kafin in kai "Allah ya ba da haƙuri."

Matarsa ta dafa wake da shinkafa kamar kullum,
ganyen dawa ya ba da jan da ya saba.
Layin da ke kaiwa bakin famfo ya ɓace.
Har azahar tukunya cike.
Na aika jikana da kwano, na ci a gaban shago
don masu leƙe su gani.

An buɗe gari. An ɗaura auren da mutum ashirin,
amarya cikin wani zane dabam.
Yanzu in na miƙa hannu sai ya tsaya a rabin hanya,
yana tambayata ko an yarda.

Jiya ruwan sama ya cika kwata,
na ga tsuntsu ɗaya yana bin ruwa, igiyarsa guda ta tsinke.
Ɗinkina ne, na san kalmasata.
Ban san bakin wa ya tsare ba,
ko ya tsare ɗin.